Zobon Murja Mai Kumfa

Sai da Murja ta shekara biyu a Madina kafin ta sami abin da za ta sa hannunta a kai. A Zariya ta karanci haɗa magunguna, ta yi shekara bakwai tana aiki a asibiti, amma da ta biyo mijinta Dakta Sharfuddeen a shekarar 1996, iƙamar da aka ba ta, wato takardar zama, ta mai rakiyar miji ce, ba ta da izinin aiki. Da safe shi ya tafi asibiti, motar makaranta ta ɗauki 'yarsu Sundus, ita kuma a bar ta a bene na uku a unguwar Khalidiyya, ba abin da take ji sai ƙugin mukayyif yana hura sanyi.

A walimar wata maƙwabciyarta Balarabiya aka fara miƙo mata ruwan tuffa da aka haɗa da soda, an yanka lemon zaƙi a ciki, an jefa ganyen na'a-na'a. Ta sha, ta ji daɗinsa, amma harshenta ya gaya mata akwai abin da ya rage. Zaƙi ne kawai, ba tsami, ba yaji. Washegari ta sa Sharfuddeen ya sayo mata zobo, wanda 'yan kanti a can suke kira karkade.

Mako uku ta yi tana gwaji. Takan dafa zobon da ɗanyar citta da kanumfari uku, ba huɗu ba, ta bar shi ya huce, ta tace sau uku har sai ta hango yatsanta ta cikin gilashi. Kashi ɗaya zobo, kashi biyu ruwan tuffa. 'Ya'yan rumman kuwa a cikin ƙanƙara take daskarar da su, in ƙanƙarar ta narke sai su riƙa hawa suna sauka a kofi. Soda ita ce ta ƙarshe, kuma a jikin kofin take tsiyaya ta a hankali don kada kumfar ta mutu. Ta sayi kofunan gilashi masu doguwar ƙafa guda ashirin da huɗu, saboda ta lura tambulan yakan ɗauki ɗumin hannu, kafin a kai rabi abin ya zama lami.

Matan 'yan Najeriya da ke garin sukan haɗu ranar Alhamis da hantsi, tunda ba aiki ba makaranta. Wannan ta kawo masa, waccan ta kawo ful da burodin tamis, a zauna ana ci ana hira har kiran azahar. Ranar da Murja ta fara kawo nata, kafin a taɓa masa an shanye. Daga nan suna ne, saukar Alƙur'ani ne, dawowa daga gida ce, sai an bugo mata waya. Ta ƙara iri biyu, na abarba da citta, da na mangwaro da lemon tsami, amma jan shi ne mata suke rububi.

Wata Alhamis a gidanta, 'yan mata biyu da suka biyo iyayensu suka ɗaga kofunansu suka gwara, ƙarar gilashin ta cika falo, suka fashe da dariya. Hajiya Rabi'a, matar Injiniya Kabir, wadda ta fi shekara goma sha biyar a garin kuma mata suna jin maganarta, ta ajiye nata kofin a kan tire. Ba ta ƙara kurɓa ba, kuma ta riga kowa tashi.

Kwana goma bayan nan Sharfuddeen ya dawo daga sallar la'asar fuskarsa a haɗe. Ya zauna bai cire hula ba.

"Maman Sundus, me kike zuba wa abin nan naki?"

"Abin da kake sayowa da hannunka. Me ya faru?"

"Wani abokin aikina ne ya ja ni gefe a ƙofar masallaci. Wai magana tana yawo cewa matar Sharfuddeen tana haɗa wa mata giya. Wai launinsa na giya, kumfarsa ta giya, ɗanɗanonsa ma na giya."

Murja ta yi dariya, sai ta ga shi bai yi ba.

"Kin san inda muke," ya ce. "A garin nan ba sai abu ya tabbata ba. Ya isa kunnen da bai kamata ba, shi ke nan, a ce mu haɗa kayanmu. Wata huɗu ya rage a sabunta min takardar aiki. Don Allah ki bari. Ki kyautar da kofunan nan, maganar ta mutu da kanta."

"In na bari me za a ce? Za a ce an kama ta, ta tsorata."

"A ce mana. Kwana nawa ne?"

"Dakta, shekara bakwai ina riƙe da makullin ɗakin magani, har da waɗanda ake kullewa a akwati, ba a taɓa cewa ƙwaya ɗaya ta yi ƙafa a hannuna ba. Yau a birnin Manzon Allah za a ce ina dafa giya, ni kuma in sunkuyar da kai in yi shiru? Sundus za ta girma a cikin mutanen nan. Ba zan bari ba."

Ya tashi ya shige ɗaki. Ranar ba su ƙara magana ba.

Akwai walimar da aka riga aka sa ta a ciki. Safiyyatu, Bahaushiya haifaffiyar Madina mai takardar ƙasa, ta tare a sabon gida can wajen Bi'ir Ali, ta gayyaci mata hantsin Alhamis. Ana saura kwana biyu ta bugo waya. Tana jin Hausa sarai, amma rabin maganarta da Larabci take fita.

"Ya Ummu Sundus, ma'alesh, kar ki wahalar da kanki. Mun sayi asir, lemon kwali, khalas. Ke dai ki zo ki ci abinci."

"Safiyyatu, ke ma kin yarda da maganar?"

"La wallahi! Ni na sani. Bas ummi za ta zo, kuma Hajiya Rabi'a za ta zo. Ba na son mushkila a sabon gida."

"To ki ba ni tebur ɗaya a tsakiyar falo. Ba zan kawo komai a haɗe ba. In an gama kika ce in kwashe kayana, zan kwashe."

Safiyyatu ta ce, "Allah ya sawwaƙe. Ta'ali, ki zo."

Ranar Alhamis Murja ta jera kwalaye uku a bakin ƙofa, ta sa abayarta. Ta ce wa Sharfuddeen ko ya kai ta ko ta kira tasi. Ya dube ta, ya dubi kwalayen, ya ɗauki mafi nauyin ya sauka da shi. Har suka wuce masallacin miƙati, inda motocin masu umara suka yi layi maza suna fitowa da harami, idonsa yana kan titi. Da ya tsaya a ƙofar gidan ya ce, "Ki dai tuna ba ke kaɗai ba ce." Ta ce ta tuna.

Mata sun kai talatin a falon. A kan kujerar da ke fuskantar ƙofa Hajiya Zinariya ce, mahaifiyar Safiyyatu, tsohuwar da aka haifa a Sudan iyayenta suna kan hanyar Hajji a ƙafa. Hajiya Rabi'a tana gefenta. Da aka ga Murja da kwalaye, hira ta tsaya.

Ta gaishe da tsohuwar har ƙasa, ta gaishe da sauran, sannan ta fara fito da kaya ɗaya bayan ɗaya. Busasshen zobo a leda. Citta da ƙasarta. Kwalayen ruwan tuffa ba a fasa ba, kwalaben soda da murfinsu. Ta roƙi Safiyyatu ƙaramin risho da tukunya, ta ce a ɗebo mata ruwa daga kicin ɗin gidan. A gaban kowa ta dafa zobon, ƙamshin kanumfari ya gauraye falon. Ta dasa tukunyar a cikin roba mai ƙanƙara tana juyawa har ta huce. Ba wadda ta taɓa abinci. Ta ɗauko rariya ta tace.

Da ta buɗe soda kumfa ta taso, wata daga baya ta ce, "A'uzubillahi."

Murja ta cika kofi ɗaya, ta ɗaga shi sama yadda kowa zai ga kumfar tana tashi.

"Kun ga abin da na zuba. Shi nake zubawa tun ranar farko. An ce launinsa na giya ne. Launin zobo ne, iyayenmu sun sha, mu ma mun sha. An ce kumfarsa ta giya ce. Ga kwalbar nan, a kowane kanti ana sayar da ita. Saura ɗaya. An ce ɗanɗanonsa na giya ne." Ta juya ta dubi Hajiya Rabi'a. "Wannan kam ba ni da amsa, don ni ban taɓa sha ba. Wadda ta faɗa ita ta san ɗanɗanon. Ta taimaka ta gaya mana inda ta ɗanɗana."

Wata ta toshe bakinta da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Hajiya Rabi'a ta miƙe. Muryarta ba ta yi sama ba, amma fuskarta ta canza.

"Ni ban ce giya ce ba. Abin da na faɗa shi ne kama da mashaya. Na ga 'ya'yanmu suna gwara kofi kamar a talabijin, a Madina. Yau zobo ne, gobe in sun fita wata ƙasa aka miƙo musu irin kofin nan, hannunsu ya riga ya saba. In wasu sun ƙara wa maganata gishiri, ba ni na aike su ba."

"Da kin kira ni gefe kin gaya min haka, Hajiya, da na gode miki. Gidana kika zo, kofina kika ajiye, kika fita kika faɗa wa kowa ban da ni. Maganar ta je har ƙofar masallaci ta sami mijina. Kin ji ta girma, kin san ba haka ba ne, ba ki tsayar da ita ba."

Hajiya Zinariya ta buga sandarta a ƙasa. Hausarta ta mutanen Sudan ce, a hankali take fita.

"Ke 'yar nan, bakinki da kaifi. Rabi'a ta girme ki, ba a yi wa babba haka cikin jama'a. Ke kuma Rabi'a, abin da kika bari ya yaɗu yana iya raba mutane da garin nan, kin fi kowa sani. Gwara kofi, kar in ƙara jin an yi. Yanzu a ba ni abin nan in ji, maƙogwarona ya bushe. Amma a finjalin shayi, wannan mai ƙafar zai faɗi a hannuna."

Murja ta zuba mata a finjali. Tsohuwar ta kurɓa, kumfar ta hau mata hanci, ta yi atishawa.

"Citta ta yi yawa," ta ce, ta miƙo finjalin a ƙara.

Hajiya Rabi'a ta ɗauki jakarta ta fita, mata huɗu suka bi ta. Sauran suka matso. Wasu sun karɓa a kofi mai ƙafa, wasu sun ce a zuba musu a tambulan, Murja ba ta yi musu da kowa ba. Safiyyatu tana rarraba faranti tana faɗin, "Ya Allah, ya Allah, ku ci kafin ya huce," idonta bai yarda ya haɗu da na Murja ba sai can wajen azahar.

A mota ta ba Sharfuddeen labari tun daga farko. Da ta zo kan maganar ɗanɗano sai ya taka birki a gefen titi.

"Kin faɗa mata haka? A gaban mutane?"

"Na faɗa."

Ya kifa kai a kan sitiyari. Ta zaci faɗa zai yi, sai ta ga bayansa yana girgiza. Da ya ɗago yana share ido ya ce, "Ni da Injiniya Kabir sahu ɗaya muke tsayawa. Yanzu da wace fuska zan gaishe shi?"

"Da wadda ka saba."

An sabunta masa takardar aiki a kan lokaci, ba wanda ya ƙara tare shi da maganar. Amma abin bai tafi a banza ba. Gidaje biyar sun daina gayyatar Murja, cikinsu har da na wata da suka zo gari a jirgi ɗaya, kuma wannan ya yi mata ciwo fiye da yadda ta nuna. Hajiya Zinariya ta aiko mata cewa ta je ta ba Rabi'a haƙuri a kan kalmar da ta faɗa. Murja ta ce a gaya wa Hajiya za ta je, amma kalmar kaɗai za ta janye.

Ranar Litinin Hajiya Rabi'a takan ja wa mata karatun fiƙihu a gidanta bayan la'asar. Murja ta je da littafinta, ta yi sallama, ta wuce waɗanda suka kawar da kai, ta zauna a sahun gaba. Kafin a buɗe littafi ta ce, "Hajiya, maganar ɗanɗano da na yi ta wuce wuri, ki yafe min. Sauran kuwa ina nan a kansu. Alhamis mai zuwa a gidana ne, kuma zan haɗa."

Hajiya Rabi'a ta dube ta ta saman tabarau, ta daɗe tana kallonta.

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya," ta ce. "Ba zan zo ba. Ku buɗe shafi na arba'in da ɗaya."

Murja ta buɗe.