Bangon Littafin Malam Ishaya

Saura kaɗan Nuriyya ta fasa rubuta takardar nan. Sau biyu tana ɗaukar biro tana ajiyewa. Ita da ta tsaya a aji huɗu, wa ya aike ta gyara wa Yaya Sirajo aiki?

Gidansu na dukawa ne a Ƙofar Rini. Maza ke zaure suna aikin fata, ita kuwa murza zare kawai aka bar mata. Ranar Talata Malam Ishaya, wani dattijo mutumin Zuru mai koyarwa a coci, ya kawo littafin Ibrananci da ya gada wurin mahaifinsa, bangon duk ya mutu. Yana son sabo na jar fata, da kalma ɗaya a gaba. Tana bayan ƙofa da kwanon abinci ta ji yana yi wa mahaifinta, Baba Mode, bayani.

"Rahamim ake karanta ta, wato jinƙai. Tushenta rehem, mahaifar uwa. Kuma kullum a jam'i take zuwa, sai ka ce jinƙan Allah ya fi ƙarfin a ce ɗaya."

"Ashe 'yar uwar rahama ta," in ji Baba.

Da ta zo kwashe kwanuka, ta saci buɗe littafin. Ko harafi ɗaya ba ta gane ba, amma ta ga layukan daga dama suke tashi, guntayen su bar fili a hagu, kamar rubutun allo. Shi kuwa Sirajo da ya ji an ce littafin coci, sai ya zana kalmar da alli a gefen da littafin boko ke farawa. In aka buga ƙarfe a wurin, zanen ba ya gogewa, gaba ta koma baya.

Bakinta ba zai iya ba, sai ta rubuta: "Littafin nan ta dama yake buɗewa, kamar Alƙur'ani." Ta ɗora takardar kan fatar, ta danne ta da basilla.

"Wa yar rubuta wanga?" Sirajo ya ɗaga murya. "Ke? Malama mai aji huɗu, yaushe kin ka fara zuwa coci?"

Baba ya karanta takardar, ya kira Malam Ishaya a waya. Dattijon na sauka daga keke ya duba zanen, ya dafe kai.

"Kai! Da kun buga nan, da kun sa mini jinƙai a ƙeya!"

Ya juya littafin, ya buɗe ta dama. Baba ya yi dariya har da tari.

"Sirajo, kai da sakandarenka, tashi ka ba ta wuri."

"Baba, ban taɓa ba," ta ce, kanta a ƙasa.

"Idon da yag gani shi ka bugawa. Zamna, ɗiyata."

Ta zauna, ta ɗauki ƙarfen. Haruffa biyar ne. Ta fara daga dama, a hankali, har ta gama. Malam Ishaya ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya karanta da ƙarfi, ya sake karantawa.

Washegari da safe tana gama karyawa ta shiga zaure, ta zaɓi wuƙar da ta fi kaifi, ta ce wa Sirajo ya ɗan matsa, yana tare mata haske.