Ajin da ke Cikin Tabarau

Shugaban makaranta ya yanke magana: ko a kawo takardar likita, ko Auta ta tattara littattafanta. Yarinya ce da ba ta zama wuri ɗaya, ana karatu tana ƙirga tsuntsaye ta taga. Shi ya sa uwarta, tela ce, ta rufe shago da rana tsaka, ta ja ta asibiti rai a ɓace.

Likita ta ɗauko wani ƙaton tabarau mai maɗauri. Ta ce wanda ya saka zai ga kansa a aji, haruffa na wucewa a allo, ya danna maɓalli idan harafin da aka ba shi ya fito. Na'urar kuma tana lura da inda ido da kai suke juyawa. Tela ta ce ita ba ta gwada sabon almakashi a yadin mutane, babu abin da zai hau kan 'yarta sai ya fara hawa nata. Likita ta yi lallashin duniya, amma ina, an taɓo mai taurin kai.

Tela ta saka tabarau, sai ga ta zaune a benci. Ta kama harafi uku daidai, har tana murmushin mugunta. Mota ta wuce ta taga, ta bi ta da ido. Da ta juyo, sai ta hango kalmasar rigar malamar ajin a karkace. Wane ragon tela ne ya yi wannan aika-aika? Tana can tana farke ɗinkin a zuci, haruffa suka yi ta wucewa abinsu.

Da aka cire tabarau, likita ta ce gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, amma ta tambaye ta a hankali yadda ta yi da makaranta tana ƙarama.

Tela ta tuna baya. A aji huɗu malami ya kira ta daƙiƙiya, babanta ya zare ta daga makaranta. Shekara talatin tana ɗauke da kalmar nan, ta yarda da ita har zuci. Likita ta ce mai yiwuwa matsalar tattara hankali ce. Ashe abin yana da suna, har da hanyar taimako. Ba kuka ya zo mata ba, fushi ne.

"Mama, kin faɗi?" in ji Auta.

Tela ta ɗaura wa yarinyar tabarau da hannunta, ta gyara maɗaurin.

"Likita, ki duba ta da kyau, ki rubuta da manyan baƙi. Sun kori ɗaya a gidanmu, ba za su kori biyu ba."