An Ware, Ba a Saki Ba

"Umma, su a asibiti takarda suke sanyayawa?"

Da ƙarfi 'yar shekara biyar ɗin ta yi tambayar, tana nuna firjin da ke kusurwar ɗakin awo. Ƙofarsa a wangale take, an cika shi maƙil da fayil-fayil. Matan da ke kan benci suka kwashe da dariya.

"Rufe min baki, sarkin surutu," in ji uwar. Amma ita ma idonta na kan firjin.

Allurar ƙyanda ta kawo a yi wa Auta, wanda ke goye a bayanta. Watansa goma sha ɗaya, alhali tun yana wata tara ya kamata a yi masa. A wancan lokacin an ce mata nan babu wurin ajiye allurar, sai babban asibiti, mota biyu, wuni guda. To a makon ne aka karanta kasafin kuɗin ƙasa, ta ji da kunnenta a rediyo tana kan keken ɗinki: an ware kuɗi don sa wa kowane ƙaramin asibiti firji mai aiki da hasken rana. Ta ce shi ke nan, me zai sa ta bar ɗinkin mutane ta sha hanya da goyo? Sai ta jira. Yanzu ga ƙyanda ta shigo layinsu, 'ya'yan mai shago biyu suna kwance.

"Sista, ina sabon firjin?"

Malamar asibitin ta ɗago daga katin da take dubawa. "Wane firji?"

"Na kasafi mana. Cewa aka yi an ware."

"Wayyo ƙanwata. An ware daban, an saki daban. Shekara uku ke nan ana ware mana firjin nan. Ni ma nan da kike gani na ware kuɗin sayen jirgin sama. Kin gan shi a waje?"

"Don Allah bar wasa, Sista. Ina kuɗin suka tafi?"

"Wai abin da ya shigo bai kai ba, sai a fara da mafi muhimmanci."

"Me ya fi allurar yara?"

"Motocin rakiyar manya," wata tsohuwa ta amsa daga benci. "Ke ba kya jin jiniya kullum? Ai su ba sa jira."

Ba ta yi dariya ba. Ta rasa wa za ta kama, rediyon ko kanta. Sista ta taso ta taɓa goshin Auta, ta leƙa bayan kunnensa.

"Ban ga komai ba tukuna. Can babban asibiti ƙarfe biyu suke rufe allura. Ki tashi yanzu."

Ta danƙa 'yar a hannun wata maƙwabciyarta da ke kan benci, ta ƙara ɗaure goyo, ta fita kamar za ta tashi sama. Motar farko ta tsaya cika, ta biyu ta maƙale a cunkoso saboda an tare hanya wani babba zai wuce. Biyu saura minti biyar ta isa, tana haki, ɗankwali a hannu. Aka yi masa. Mai allurar ta ce sai ta yi kamar mako biyu kafin ta fara kare shi, a raba shi da masu ciwon.

Ta rufe shi a ɗaki, ko ƙofa ba ya leƙawa. Bayan kwana huɗu zazzaɓi ya rufe shi, idanu suka yi ja, daga baya ƙuraje suka feso. Ashe ya riga ya ɗauka tun kafin allurar. Kwana tara suka yi a gadon asibiti, tana zaune a kujerar roba tana ɗiga masa ruwa da cokali. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma yaron da ya fara kama bango yana tsayuwa ya koma ko zama sai an tallafe shi.

Ke mai goyo, tashi ki ɗauko katin ɗanki ki duba kwanan wata. In ranar ta yi, ki ajiye duk abin da ke hannunki ki tafi inda allurar take, ko mota uku ce. Kada ki kuskura ki jira jawabin kowa.