Taɓarya Biyu a Turmi Ɗaya

Ni ce Turai ta Beli. Idan kun taɓa jin waƙoƙin luguden nan da ke yawo a wayoyin mutane, muryar da ke fita kamar ana jan buhu a ƙasa tawa ce. Mai zaƙin kuwa ta Sadiƙa ce, 'yar Yola ta Ƙaraye.

Ranar da muka fara haɗuwa ko kaɗan ba ta kwanta min ba. Bikin 'yar ƙawata Habiba ake yi a Rogo Sabon Gari, injin surfen unguwar ya lalace, aka fito da turame. Aka haɗa ni turmi ɗaya da wata siririyar mata da ban sani ba. Shi lugude ai ba a jira, ina ɗaga taɓaryata ke kina sauke taki. Ita kuwa sai ta riƙa ɗan dakatawa, kamar mai sauraren wani abu.

Na ce, "Baiwar Allah, daka muka zo ko hutu?"

Da ta sake dakatawa sai ta cike gurbin da waƙa: "Gero na kuka cikin turmi..."

Haushi ya sa na amsa mata da irin karin nata: "Ya ga raguwa ta zo daka!"

Kai! Mata suka fashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Sadiƙa ta sake jefo wani baitin, na sake ramawa. Kafin geron ya surfu an yi mana da'ira, har da masu ɗaukarmu a waya. Da muka ajiye taɓare ta dube ni tana haki ta ce, "Yaya, bakinki ba kyau, amma wallahi hannunki akwai daɗin bi."

Daga nan aka soma kiranmu bukukuwa da sunaye, daga ƙauyukan Rogo har na Ƙaraye. Tunda taron mata ne, mazanmu ba su hana ba. Yadda muke aiki ba wuya. Sadiƙa ce mai kawo farkon baiti, mai daɗi, mai sanyi, irin na damina da furen gyaɗa da kewar gida. Ni kuma in ƙarasa shi da tsiya. Idan muna nesa ta turo min rabin baiti a waya, in yini ina juya shi a baki, in mayar mata da sauran. Waƙa ba ta cika sai mun haɗu a kan turmi, kuma tsawonta daidai da surfen gero. Dusa na fita, waƙa ta ƙare. Na ji daɗin shekarun nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Sai ga Sanusi, ɗan wan mijin Sadiƙa, ya buɗe situdiyo a Ƙaraye, ya ce mu zo ya ɗauke mu. Yaron kirki ne, ya gaishe ni har ƙasa. Amma da ya gwada muryoyinmu sai ya hau sosa ƙeya.

Ya ce, "Inna Turai, kada ranki ya ɓaci. Yanzu da fiyano ake kiɗa, ba sai an yi daka ba. Amshin kuma akwai 'yan mata masu siririyar murya. Ke dai ki ba mu baitocinki, Inna Sadiƙa ta rera duka."

Na ce, "To, madalla."

Madallar baki ce kawai. Na zauna a benci. Ni ba shahara nake nema ba. Tsorona ɗaya, in Sadiƙa ta ji kanta a fiyano ta ga ta wadatu, shi ke nan, wa zai sake turo min rabin baiti?

Ta shiga ɗan ɗakin gilashi, aka sa mata abin ji a kunne, fiyano ya tashi. Ta rera farkon baiti, ya fita tas. Da ta zo inda nake shiga sai ta yi shiru. Aka sake, ta shiga kafin kiɗa. Aka sake, kiɗa ya wuce ya bar ta. Har la'asar ana abu ɗaya, Sanusi ya jiƙe da gumi.

Ta cire abin kunnen ta ce, "Sanusi, ka yi haƙuri. Ni da taɓaryar Yaya nake gane inda zan ja numfashi. In babu ita, ɓata nake."

Sanusi ya kwashe da dariya ya ce, "To ai sai a kawo turmin." Shi da kansa ya shiga maƙwabta ya mirgino turmi. Na ce ba a dakan turmi wayam, sautinsa ba ya daɗi, aka auno gero aka yayyafa masa ruwa. Ya kafa makirfo a bakin turmin. Muka kama lugude, dusa na tashi tana sauka a kan na'urorinsa, shi kuwa sai rausaya kai yake. A tashi ɗaya muka gama, mai turmin kuma ta samu surfe kyauta.

A mota na hana ta sakat. "Ashe duk zaƙin muryar nan ba kya iya komai sai da ni? Raguwa!"

Ta ce, "Haka ne, Yaya."

Bayan an cire gyaɗa na kai mata ziyara Yola ban sanar da ita ba. Ina shiga zaure na jiyo waƙa daga tsakar gida. Waƙar nan ce ta situdiyo. Sadiƙa ce ita kaɗai tana wanki, tana rera nata baitin, tana rera nawa, ba turmi ba taɓarya, kuma ko sau ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba. Na tsaya har ta kai ƙarshe, sannan na yi sallama.

Ko gaisawa ba mu gama ba na ce, "Munafuka! Ashe kin iya."

Ta matse rigar da ke hannunta, ba ta ko ji kunya ba. "Na iya mana, Yaya. Amma in na rera ni kaɗai, wa zai zage ni a ciki?"

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar gero da taɓarya biyu, ta miƙo min mai nauyin. Na share idona da bakin mayafi, na ce dusa ce ta faɗa min.

Ta ce, "Yaya, ai ko surfen ba mu fara ba."