Siffa ta Uku

Shekararta ta huɗu ke nan Auta tana kallon furotin guda a kwamfuta. Furotin dai zare ne mitsitsi da jiki ke ƙerawa, kuma ba ya aikin komai sai ya naɗe kansa ya ɗauki siffarsa. Aikin Auta shi ne ta sa kwamfuta ta kwaikwayi wannan naɗewar. Yayanta kan gaya wa baƙi cewa ƙanwarsa digiri take yi a kan ninke kaya.

Sa hannun malamai biyu take bukata kafin a rufe karɓar kundi, na Farfesa da na Dakta. In ta rasa ɗaya, ta sake shekara.

A gwajin farko zaren ya murɗe kamar igiya. Farfesa, wanda ya rubuta haka tun tana firamare, ya ce madalla da ɗalibarsa, gaskiya ta yi halinta. Tsautsayi ya sa ta sake gwajin don ta tabbatar. Ba ta taɓa komai ba sai lambar da kwamfuta ke zaɓa da ka don ta fara motsa zaren. Wannan karon sai ya ninke layi-layi kamar mafici. Dakta, wanda ya daɗe yana cewa Farfesa ya yi kuskure, har shayi ya sa aka kawo mata.

Kowannensu ya ce ta goge sakamakon ɗayan. Ta bincika lissafin ciki da bai, ba ta ga wanda ya fi wani laifi ba. Sai ta yi gwaji na uku don ya raba gardama, ta gayyato su ɗakin kwamfutoci, inda sanyi da ƙarar fanka ke hana doguwar gaisuwa.

Zaren ya miƙe, ya lanƙwasa, ya kamo wutsiyarsa ya saki, sannan ya dunƙule kamar tsumman da aka matse. Bai yi kama da na kowa ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Auta, ba ta ma san wanne take nufi ba, "wanne zan rubuta?"

Farfesa ya goge tabarau, ya ce da alama tsarin yarinyar ne da gyara. Dakta ya ce abin da ke bakinsa ke nan. Suka fita tare, suna tsara yadda za ta faro aikin daga tushe baɗi.