Ledar da Ke Kan Takobin Ndakotsu

A layinmu na Sauka Kahuta, idan ka ji ana cewa wane ya girma bai san ya girma ba, to da Ndakotsu mai kujerun kushin ake, shi da abokinsa Ticha Gaiya. Ndakotsu Banufe ne, iyayensa daga Bida suka zo, ga iyali ga furfura a gemu. Gaiya kuwa tsohon malamin motsa jiki ne a wata firamare, ya yi ritaya, kuma ya girmi Ndakotsu nesa ba kusa ba. Amma duk Asabar bayan la'asar sai ka gan su a bayan shago, ƙarƙashin mangwaro, suna saran juna da takubban soso.

Gaiya ne ya jajibo abin. Lokacin da shagunan intanet suka fara yawa a Minna, ya shiga ɗaya don aika saƙo, ya ga hoton wasu Turawa riƙe da takubba masu taushi suna fafatawa a fili. Ya zo ya dami Ndakotsu sai an yi masa irinsa. Ndakotsu ya zura bututun roba cikin ragowar soso, ya shafa gam, ya lulluɓe da ƙyallen kujera. Ya yi na biyu wai don a gwada ko da zafi, daga nan kuma bai sake samun kansa ba. Dokar wasan ɗaya ce, wanda aka taɓa wa ƙirji ya faɗi.

Shekaru suka yi ta tafiya, ƙirjin Ndakotsu ne kullum ke shan takobi. Ko sau ɗaya bai taɓa kai wa na Gaiya ba, kuma abin yana cin ransa ƙwarai. Ba ya son komai a wasan nan sai wannan taɓawa guda.

"Nda, kai yana wasa, kai yana mantawa," in ji Gaiya wata rana, da irin Hausarsa. "In mun gama, rubuta abin da ya kashe ka. Gobe ka karanta."

Ndakotsu ya karɓi shawara, sai dai mai kushin ba ya neman takarda. Awon kujera ma a jikin soso yake rubuta shi da baƙin alƙalamin nan mai kaurin baki, don haka darasin takobi ma can ya tafi. Da sun tashi, gumi bai bushe ba, zai jawo fallen soso ya rubuta: "Na ɗaga kafaɗa kafin sara, ya gani." Ko kuma: "Ƙafar baya ta yi nauyi. A rage tuwo ranar Asabar." Sai ya jingina fallen a bango yana karantawa yana aiki, har ranar da soso ya yanke masa a tsakiyar ɗinki, ya yanka shi ya cusa a kujerar wani.

Da rana tsaka, idan wuta ta ɗauke, layi ya yi tsit sai kukan jirgin ƙasa daga nesa, Ndakotsu yakan kishingiɗa kan tarin soso ya lumshe ido, ya bi rubutunsa gida gida. Ga wani alhaji a Paiko ya harɗe a kan kafaɗar da ke ɗagawa kafin sara. Ga amarya a Garatu tana gyangyaɗi bisa ƙafar baya mai nauyi. Yakan ji kamar garin duka yana zaune a kan kurakuransa, yana danne su a hankali har su lotsa su ɓace. A cikin wannan rabin barcin ne kaɗai yake ganin takobinsa ya ratsa iska mai ƙamshin ruwan sama, ba nauyi ba ƙara, ya sauka a ƙirjin Gaiya. Sai ya farka yana murmushi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Kuma rubutun ya yi aiki, ba ƙarya. Kafaɗar ta daina tona masa asiri, ƙafar ta yi sauƙi. Sai dai wata damina abin da yake rubutawa ya fara sauya fuska. "Na zo ta hagunsa, bai motsa da wuri ba." Sati na gaba: "Ta hagu kuma. Sai da ya ji takuna ya juya." Ndakotsu ya daɗe tsaye yana kallon wannan fallen.

Theresa, 'yar Gaiya da ke aure a Paiko, ita ta tabbatar masa. Ta biyo ta shago ta gaishe shi, ta sunkuyar da kai.

"Baba Nda, idon Baba na hagu ya tafi, na daman ma yana bi. Likita ya ce irin wanda ba ya dawowa ne. In an gama haƙar doya zan zo in ɗauke shi. Don Allah kar ka nuna masa na faɗa."

Ga ƙofa a buɗe, abin da ya yi shekaru yana nema. Taku ɗaya zuwa hagun Gaiya, shi ke nan. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana rufe katako mai kaushi da taushi, hannunsa ba ya iya ganin aibu ya bar shi a fili. Ya ɗauko ledar nan da ake sa wa sabuwar kujera, wadda mutanenmu ba sa yarda a cire ko shekara nawa za ta yi a falo, ya naɗe takobinsa da ita tsaf. Ko yaya ya motsa hannu sai ta yi ƙaraf-ƙaraf.

"Wannan fa?" Gaiya ya tambaya.

"Saboda gumi ne, Ticha. Ƙyallen yana saurin datti."

Gaiya ya ce to. Wasa ya koma yadda yake, leda tana kuka, Gaiya yana bin kukan yana karewa, ƙirjin Ndakotsu yana shan abin da ya saba sha. Ya ci gaba da rubutu a soso, sai dai yanzu ƙarya yake rubutawa, yana laƙaba wa ƙafarsa laifin da ba ta yi ba. Yana so ya ci, yana kuma tsoron ranar da zai ci, ya rasa wanne ya fi damunsa.

Doya ta cika kasuwa. Asabar ɗin ƙarshe ta zo da wani hadari mai laushi da ya tsaya kan duwatsun gari bai zubo ba, hasken yamma ya yi ruwan zuma. Theresa tana zaune a benci da jakar uban a gefenta. Suka tsaya ƙarƙashin mangwaro, sai Gaiya ya miƙo hannu.

"Kawo takobinka."

Ya lalubi bakin ledar da farce, ya warware ta a hankali har ƙarshe, ya dunƙule ya jefar.

"Ido ne ya tafi, Nda, hankali yana nan. Ni ba sabon kujera ba ne da za ka rufe ni. Yau ka zo da gaskiya."

Ndakotsu ya ji kunya ta rufe shi har wuya. Suka ja da baya, suka ɗaga takubba. Ndakotsu ya fara zagayawa, yana jan silifas a ƙasa da gangan.

"Ɗaga ƙafarka!" Gaiya ya daka masa tsawa, irin wadda yake yi wa 'yan firamare.

Ya cire silifas ɗin. Ƙasa ta yi sanyi a tafin ƙafarsa. Bai ɗaga kafaɗa ba, ƙafar baya ba ta yi nauyi ba, duk abin da ya taɓa rubutawa ya taru a jikinsa ya yi shiru. Ya taka zuwa hagun Gaiya. Gaiya yana tsaye da takobi a sama, kyakkyawar tsayuwa wadda babu mai kushe ta, yana fuskantar wurin da babu kowa. Ndakotsu ya miƙa hannu, hawaye na gangaro masa cikin gemu, kan takobin ya sauka a tsakiyar ƙirjin abokinsa.

Gaiya bai ja da baya ba. Ya saki nasa takobin, ya kama na Ndakotsu da hannu biyu, ya ƙara danna shi a ƙirjinsa, yana murmushi yana kallon gefen da ba nan Ndakotsu yake ba.

"Kai, Nda," ya ce a hankali. "Ashe haka aikinka yake da laushi, duk shekarun nan ban sani ba."