Giyar Dodon-koɗi

Aikin masana'antar fenti a garin Ballarat ne ya kashe wa Merv hanci. Kafin ya yi ritaya ya daina jin ƙamshi, kuma miya da ruwa duk ɗaya ne a harshensa. Hakan bai hana shi dafa giya a rumfar bayan gida ba. Yana da gangarsa ta roba da tukunya da kwalabe jere a kan katako. Shi ne mai dafa sha'ir, ya zuba yis, ya jira ta tsima, ya ɗura. Ɗanɗanawa kuwa aikin maƙwabcinsa ne, Stavros, wanda suka tsufa tare suna hira ta kan shinge.

Kowace sabuwar dahuwa Stavros zai kurɓa, ya lumshe ido, ya ce, "Kai tsoho, wannan ta fi ta bara! Ajiye min kwali guda."

Wata Asabar bayan an ɗauke ruwa, Merv ya shiga gidan Stavros aron tsani. Ya zagaya lambu, sai ya hango shi tsugune tsakanin kunyoyin latas, riƙe da kwalba mai tambarin da Merv ya manna da hannunsa. Giyar yake tsiyayawa cikin ƙananan gwangwanayen da ya binne a ƙasa. Kowanne maƙil da matattun dodon-koɗi.

"Me kake yi da giyata?"

Stavros ya miƙe yana dariyar yaƙe. "Haba mutumina, ai ba asara aka yi ba. Su ke cinye min ganye, amma yanzu suna rububinta su faɗa ciki su mutu. Dubi latas ɗina!"

"Kai ba ka sha?"

"Merv, tsami gare ta kamar lemun tsami ya haɗu da tsamiya. Na ga kana jin daɗin abinka, na ce me zai sa in ɓata maka."

Merv ya koma gida ba tsani. Matarsa Glenys tana yanka albasa a kicin.

"Ke ma kin sani?"

Ba ta ɗago ba. "Kowa ya sani. Ta bikin 'yarmu ma a magudana muka zubar, muka sayo ta kanti muka ɗura a kwalabenka."

Ya tuna yadda ya tsaya a bikin nan baƙi suna tafa masa, shi kuma yana ta bayanin yadda ake tafasa ganyen ɗacin da ake sa wa giya. Ya nemi kujera ya zauna.

Ranar Litinin ya ɗora gangar a mota ya kai shagon kayan dafa giya. Mai shagon, wata mata mai suna Noelene, ta leƙa ciki ta yamutsa fuska, sannan ta shafa bangon da yatsa.

"Baba, da me kake wanke ta?"

"Soson waya."

"To shi ne. Ka kakkarce robar, ƙwayoyin cuta sun yi gida a cikin zanen. Ko me ka zuba sai ya yi tsami."

Ya sayi sabuwar ganga, ya riƙa wanke ta da tsumma mai laushi. Da dahuwar ta nuna ya kai wa Noelene kwalba ɗaya. Ta kurɓa, ta sake kurɓa, ta shanye.

"Wannan giya ce. Da wani ya buɗe baki tun farko, ai gyaran wata ɗaya ne."

Labari ya kai wa Stavros ta bakin Glenys. Da yamma ya leƙo ta kan shinge.

"An ce ka yi abin kirki, tsoho. Ba za a ba maƙwabci ya taɓa ba?"

Merv ya dube shi, ya ja ƙofar rumfa ya rufe.

Da shekara ta zagayo Stavros ya sayar da gidan ya koma wajen ɗansa a birnin Melbourne, ba su yi sallama ba. Glenys dama ba ta shan giya. Merv ya ci gaba da dahuwa, kwalabe suna ta taruwa. Yakan buɗe ɗaya da la'asar, ya ɗaga ta ya kalli yadda ta washe, ya sha shi kaɗai. Sanyinta kawai yake ji.